A zaunar da matafiya a kan maganar katin banki tun kafin su hau jirgi

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku, ina roƙon ku ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda mutanenmu ke fita ƙasashen waje da katin banki a aljihu, alhali babu wanda ya zaunar da su ya faɗa musu abin da ke iya biyo baya. Na yi shekaru ina aiki a teburin karɓar koke-koke na wani banki a Kano kafin in yi ritaya, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi a majalisa ba, a gabana aka riƙa zuwa ana kuka.

Maganar ta sake tasowa ne saboda abubuwa sun canza. A shekarar 2022, lokacin da dala ta yi wuya, bankuna da dama sun rage abin da mutum zai iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya suka rufe ƙofar gaba ɗaya. A watan Yulin 2025 wasu bankuna suka sake buɗe ta, kowanne da iyakar da ya sa. GTBank, alal misali, ya fara ne da dala 1,000 a duk wata uku. Kafin nan, a watan Fabrairun 2024, Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su daina biyan kuɗin guzurin matafiya hannu da hannu, a riƙa zuba shi a kati. Da aikin Hajjin 2025 ya matso, an yi ta kiraye-kiraye har aka amince a bai wa maniyyata guzurinsu tsaba, saboda da yawansu daga ƙauyuka suke, ba su saba da na'urar cirar kuɗi ba. Na ji daɗin wannan sassauci, amma maniyyatan Hajji kaɗai ya shafa. Masu zuwa Umra, da 'yan kasuwar da ke zuwa Dubai da Guangzhou, da masu kai marasa lafiya Alƙahira ko Indiya, da ɗalibanmu da ke Ingila da Amurka, duk kati ne a hannunsu.

Ɓarawon kati ba lallai ne ya taɓa aljihunka ba. Lambobi 16 da ke fuskar katin, da ranar ƙarewarsa, da ƙananan lambobi uku da ke bayansa, sun ishe shi ya yi sayayya a intanet. Mutanenmu sun saba da cewa sai banki ya turo lamba ta waya kafin kuɗi su fita, sai su ɗauka ko'ina haka ake. Ba haka ba ne. Akwai shafukan sayayya da yawa na ƙasashen waje da ba sa tambayar wannan lamba sam. To ina ga wanda ya ɗauki hoton katinsa gaba da baya ya tura wa dillali ta WhatsApp don ya kama masa ɗakin otal? Ko wanda ya miƙa wa ma'aikacin gidan abinci katinsa, aka shiga da shi ciki aka dawo? Akwai kuma masu liƙa wata 'yar na'ura a bakin injin cirar kuɗi, ta kwafe bayanan da ke jikin baƙin layin nan na bayan kati, su haɗa da ƙaramar kyamara mai ɗaukar yatsunka lokacin da kake danna lambar sirri. Ɗan ƙarfen da ke gaban katunan yanzu yana da wuyar kwafewa, shi ya sa 'yan damfara suka fi karkata ga intanet da kuma tsohuwar dabarar nan ta "kawo in taimaka maka, Baba", a musanya maka katinka da wani mai kama da shi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne maganar layin waya. Da zarar mutum ya sauka Jidda ko Madina, abu na farko da yake yi shi ne ya cire layinsa na gida, ya naɗe shi a takarda ya jefa cikin jaka, ya sa na Saudiyya. Daga wannan lokaci ya zama kurma a kan asusunsa. Alat ba ya shigowa. Ba zan manta da wata Hajiya ba, dattijuwa mai sana'ar atamfa, da ta zo wurina bayan ta dawo daga Umra. Ta zauna, ta kwance bakin mayafinta, ta ciro katin dalarta da wata 'yar takarda da aka rubuta lambar sirri a kai, an ɗaure su tare da roba. Na buga mata bayanin asusunta muka bi layi-layi. An fara ne da cire wani ɗan kuɗi da bai kai na kofin shayi ba, gwaji ke nan, a ga ko katin na aiki. Da suka ga shiru, washegari suka dawo da babba, jibi suka ƙara, duk sayayya ce a shafukan ƙasashen da ko sunansu ba ta sani ba. Ta ce da ni, "Ɗana, ni fa katin bai taɓa barin jikina ba sai ranar da wani yaro ya cire mini riyal a kusa da masaukinmu." Da layinta na kunne, da tun a cirewar farko ta kira an toshe katin. Kuɗin da ta tara na sarin kaya ne suka tafi, domin asusu ɗaya take zuba komai.

A nan ne nake son masu karatu su tsaya su fahimci bambancin kati biyu, domin yawancinmu muna kiran kowanne "katin ATM" ne kawai. Wanda kusan kowa ke riƙe da shi a Najeriya, wato katin cirar kuɗi, kuɗinka ne ke ciki. Duk abin da ke asusun, ɓarawo na iya kaiwa gare shi. Katin bashi kuwa kuɗin banki ne, an sa maka iyakar da ba za ka wuce ba, ka kashe, a ƙarshen wata ka biya. A wajen sata, katin bashi ya fi sauƙin al'amari, domin kuɗin da aka ɗauka ba daga tukunyar gidanka suka fita ba, kuma a wasu ƙasashe doka ta tsaya wa mai katin sosai. A Amurka, doka ta ce idan an yi amfani da katin bashinka ba da izininka ba, abin da za a ɗora maka ba zai wuce dala 50 ba, kuma kana da kwana 60 daga lokacin da aka aiko maka da takardar lissafi ka rubuta ƙorafi. Katin cirar kuɗi kuwa dokarsa daban ce: idan ka sanar cikin kwanakin aiki biyu da gano ɓatan katin, dala 50 ce, idan ka yi jinkiri tana iya kai dala 500, idan ka bar kwana 60 suka wuce bayan takardar lissafi, kana iya rasa duk abin da aka ɗauka daga baya. A Birtaniya ma, sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 ya sa banki ya ɗauki alhaki tare da mai kaya idan ka sayi abin da ya haura fam 100 har zuwa fam 30,000 da katin bashi aka cuce ka, kamar kamfanin jirgi ya rushe da kuɗin tikitinka. Ya kamata 'ya'yanmu da ke can su san wannan, domin da yawansu ba sa neman haƙƙinsu.

Sai dai wannan iyaka da banki ke sawa tana da fuska biyu, kuma fuska ta biyun ce iyaye ba sa ji daga bakin 'ya'yansu. Yaro ya je Amurka karatu, banki ya ba shi kati ya ce iyakarsa dala 2,000, sai ya riƙa ganin kamar yana da dala 2,000. Ba shi da ko sisi. Izinin cin bashi aka ba shi. Idan hutu ya zo ya sayi tikitin gida da tsarabar dala 1,500 a kan katin, ya cinye kashi 75 cikin ɗari na iyakarsa ke nan. A can akwai makin amana da ake auna kowa da shi, wanda aka fi sani shi ne na FICO, daga 300 zuwa 850. Kashi 35 cikin ɗari na makin ya dogara ne ga ko kana biya a kan lokaci, kashi 30 kuma ga yawan bashin da ke kanka, musamman idan aka gwada shi da iyakar da aka ba ka. Shi ya sa masu ba da shawara a can ke cewa kada mutum ya wuce kashi 30 cikin ɗari na iyakarsa. Wanda ya cika katinsa maƙil, ko da bai taɓa saɓa ranar biya ba, makinsa na sauka, kuma ranar da ya je neman bashin mota ko hayar gida sai ya ga an tsananta masa sharuɗɗa, ko a ƙi shi. Har wanda ya rufe tsohon katin da ba ya amfani da shi, yana ganin ya yi tsafta, jimillar iyakarsa ta ragu, bashin da ke kan sauran katunan ya ƙara nauyi a ma'auni.

Ga kuma kuɗin ruwa, wanda a katunan Amurka ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekara a 'yan shekarun nan. A ce kashi 24 ne: dala 1,500 ɗin nan za ta riƙa haifar da kusan dala 30 duk wata, kuma ɗan abin da banki ke cewa "biya wannan ya isa" yawancinsa ruwan yake tafiya, uwar kuɗin na nan zaune. Idan kuwa tsabar kuɗi ka cira a inji da katin bashi, ruwan daga ranar yake fara hawa, babu jiran ƙarshen wata. Ga Musulmi wannan ba maganar asara ce kawai ba, maganar riba ce, kuma ko wajen malaman da suka yi sassauci a kan riƙe irin wannan kati, sharaɗin shi ne a biya duka kafin ruwa ya hau. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wannan nau'in yana girma ne kana barci.

Tafiya kanta tana cin iyakar ta hanyar da mutum bai zata ba. Otal ko kamfanin hayar mota kan riƙe wani kuɗi a kan katin a matsayin jingina, ba su cire ba amma kai ma ba za ka iya taɓawa ba, wani lokaci sai kwanaki bayan ka bar wurin su sake shi. Mai ƙaramar iyaka sai ya je biyan kuɗin magani katin ya ƙi. Idan kuma na'urar biyan kuɗi ta tambaye ka da kuɗin wace ƙasa za ka biya, zaɓi na ƙasar da kake ciki, riyal ko dirhami. Canjin da na'urar ke yi maka da kanta yawanci ya fi tsada.

Kada wani ya ce wannan matsalar mutanen Turai ce. Tun 2014 aka fara haɗa asusun kowa da lambar BVN. Akwai dokar 2017 da ta tsara kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma bankuna na duba wurinsu kafin su ba da rance. Tun watan Agustan 2020 kuma Babban Banki ya fara aiki da tsarin da ke bai wa bankin da ke bin ka bashi damar ɗebo kuɗinsa daga asusunka na wani banki. Saboda haka idan ɗan damfara ya cika katin bashinka, ko ya ci rance ta manhaja da bayananka, kai kuma kana wata ƙasa ba ka sani ba, sunanka ne zai shiga jerin waɗanda ba sa biya, wanke shi kuwa aiki ne ja.

Abin da nake faɗa wa duk wanda ya zo mini sallama zai yi tafiya ba shi da yawa. Ka buɗe asusu daban na tafiya, ka zuba iya abin da za ka kashe, jarinka ya zauna a inda katin ba ya kaiwa. Ka shiga manhajar bankinka ka rage iyakar da za a iya cirewa a rana, ka kashe sayayyar intanet sai lokacin da kake buƙata. Layinka na gida ya zauna a waya a buɗe, ko ka sa a riƙa turo maka alat ta imel, kuma ka rubuta lambar kiran bankin a wani wuri daban da katin. Tsoho ko tsohuwar da ba za su iya danna inji ba, a haɗa su da amintaccen mutum ɗaya tun daga gida, kada a bar su su nemi taimako a bakin inji.

Bankuna ma ina da magana da su, domin na san cikin gidan. Ana miƙa wa mutum kati a cikin ambulan tare da takardar sharuɗɗa da Turanci mai ƙananan baƙaƙe, a ce ya sa hannu. Minti biyar na bayani da Hausa ba zai durƙusar da kowane banki ba. Kamfanonin shirya Umra da hukumomin alhazai na jihohi su ma su sa wannan a cikin bitar da suke yi wa maniyyata. Wanda kuma abin ya riga ya faru da shi, ya sani cewa yana da hanya: ya toshe katin nan take, ya kai ƙorafi a rubuce, ya karɓi lambar shaidar ƙorafin, idan makonni biyu suka wuce bankin bai warware ba ya kai maganar sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya. Mutane da yawa sun bar teburina da cewa "na bar wa Allah" tun kafin su cika fom ɗin.

Ina roƙon jaridarku ta ware shafi kafin lokacin Umrar azumi, ku gayyato ma'aikacin banki da malamin da ya san hukuncin mu'amala, su yi wa mutane bayanin nan da Hausa, a buga shi da hoton kati ana nuna lambobin da bai kamata kowa ya gani ba.

Wassalam.

Naku,
Tsohon ma'aikacin banki, daga Kano