Kafin a kai tsohon babur wurin mai fenti

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi magana da matasan Damagaram da suka fara jawo baburan iyayensu daga zaure da bayan ɗaki suna son tayar da su. Abin ya yi kyau, ya fi a sayar wa masu awon tsohon ƙarfe a kilo. Sai dai yawancinsu daga wutsiya suke faro aikin: a wanke babur, a kai shi wurin mai fenti, a ɗinka sabuwar kujera, sannan a dawo ana buga kik ana jiran ya tashi. Fenti shi ne aikin ƙarshe, don duk abin da za a kwance bayansa sai ya kankare shi.

Farkon aiki ma ba da kile, wato sufana, ake yin sa ba. A nemo kart giris, wato takardar rajistar babur, a goge wuyan babur a duba lambar da aka buga a jikin ƙarfe, a gwada da ta takarda. In babu takarda, a fara da wannan matsalar tun kuɗi ba su shiga ba. Sannan a ɗauki hoton kowane gefe da waya, musamman yadda wayoyin wuta da na birki suka bi. A tanadi gwangwanayen madara ko na tumatir, kowane sashe da nasa, a rubuta suna. Wanda ya zuba notuna duka a kwano ɗaya zai sa doguwar kusa a gurbin gajera, ta huda murfin inji.

Wurin aiki kuma ya zama ɗaki ko zaure mai ƙofa, a yayyafa ruwa a ƙasa, a shimfiɗa buhu. Kada a buɗe inji a tsakar gida ranar da iskar hunturu ke kaɗawa. Duk ramin da aka buɗe a toshe shi da tsumma mai tsabta. Mai da ruwan batir su yi nesa da murhu da hannun yara.

Baburan da aka fi samu iri biyu ne, kuma ba a yi musu magani ɗaya. Akwai masu shan mai gauraye da baƙin mai, irin Mobylette da Peugeot 103 da ta fito a 1971. Akwai masu baƙin mai daban a cikin inji, irin Honda CG125 da aka fara ƙerawa a 1975. Zan fi tsayawa kan CG, domin injinan baburan Sin da ƴan kabu-kabu ke hawa da yawansu kwafinsa ne, kayansa ba sa wuyar samu.

Babur da ya shekara goma a ajiye, kada a hau kik ɗinsa da ƙarfi don a ji ko yana da rai. Mai yiwuwa sigman, wato zobban da ke kewaye da fistan, sun riga sun manne da silanda saboda tsatsa, bugu ɗaya zai karya su, gutsuren ya tsaga bangon silanda. A cire buji, wato fulogi, a zuba gazuwal, wato man dizal, gauraye da baƙin mai kamar cokali uku ta ramin, a bar shi kwana uku zuwa mako. Sannan a sa giya ta sama, a riƙa jijjiga tayar baya gaba da baya da hannu. In ya saki, madalla. In ya ƙi, a sauke kan inji, a ɗora guntun katako a kan fistan a riƙa bugawa sannu. Ƙarfe a kan fistan ɓarna ce.

Wata ƙaramar masifa da ke cin kwanaki ita ce sukurorin murfin inji. Masu kan gicciye na Japan ba daidai suke da bakin turnabis ɗin da ake sayarwa ko'ina ba, yana zamewa ya cinye kan. A ari irin wanda ake bugawa da guduma. Wajen ɗaurewa kuma a tuna jikin injin sanholo ne, ba ƙarfe ba. Kile lamba 10 a hannun mai ƙarfi ya fi tsatsa lalata zare.

Faɗin silandar CG125 milimita 56.5 ne. In farce yana kamawa a jikin bangon, sai an kai wurin mai gurza silanda, kuma fistan na gyara yana zuwa mataki-mataki: 0.25, 0.50, 0.75, 1.00. A sayi fistan tukuna, a kai shi tare da silandar, a gurza daidai da shi. Kada a tsallaka zuwa 1.00 alhali 0.25 ya isa, domin kowane mataki rai guda ne da ya rage wa silandar. Kafin a sa sabbin sigman, a tura kowanne cikin silanda shi kaɗai a auna tazarar bakinsa, ta kasance tsakanin 0.15 da 0.35. In bakin ya haɗe, da inji ya yi zafi zai cije. Kuma bakunan kada su yi layi ɗaya, a rarraba su kewaye da fistan. Kayan Sin suna shiga, amma a tafi kasuwa da tsohon a hannu, don kaurin sandar fistan yakan bambanta. Mai zuwa Kano sayayya ya san cewa bujinmu a can fulogi ne, sigman ringi, supap kuma bawul, in ba haka ba zai sha kallo.

Supap ana daidaita su ne inji na sanyi, alamar T ta bolan, wato faifan da ke juyawa a gefen inji, tana kan layi, tazara milimita 0.08 kowanne. Matse su don a kashe ƙara kuskure ne: supap da ke ɗan ƙas-ƙas lafiya yake, wanda ya yi shiru shi ke ƙonewa. A ƙasan injin akwai ƴar raga ta tace mai, a cikin murfin dama kuma akwai wani kofi mai juyawa da ke tara dauɗa. Mutane da yawa ba su san da shi ba, sai a same shi cike da baƙin laka mai tauri. A kankare shi. Baƙin mai bai wuce lita ɗaya ba, a bi sandar awo.

Tanki kuwa, a cire famfonsa, a zuba gazuwal da notuna cike da hannu, a ƙirga su, a girgiza sosai, a zazzage, a sake ƙirgawa. Sai a cika shi da binegar ya kwana ɗaya. Bayan an zubar a ɗauraye da ruwan kanwa domin ya kashe tsamin, a shanya a rana nan take, a zagaya cikin da ɗan mai, in ba haka ba kafin la'asar sabuwar tsatsa ta fito. Tankin da ya huje, kada mai walda ya kusance shi da wuta sai an wanke an cika shi da ruwa. Tururin mai na shekaru yana nan a ciki, kuma yana fashewa.

Karbirato a jiƙa shi, a hura ramukan da famfon taya. Allura ko waya a cikin jiklar, wato ƴar kusar da mai ke bi ta raminta, tana faɗaɗa ramin, babur ya koma mashayin mai har abada. A sa ƴar matata a tiyo, musamman ga mai shan man kwalba na bakin hanya. Soson iska a wanke da kananzir, a shafa masa baƙin mai kaɗan a matse. Masu cire shi wai don babur ya yi numfashi, a garin da ke da ƙura irin tamu, yashi suke ɗura wa sabon fistan.

Tsofaffin CG wutarsu bolt 6 ce, da filatin, wato ƴan ƙarafa biyu da ke buɗewa da rufewa su ba buji wuta. Tazarar filatin 0.3 zuwa 0.4, kuma ya fara buɗewa daidai alamar F. Bakin buji 0.6 zuwa 0.7. In wuta ja ce mai rauni, filatin kuma yana ƙonewa da wuri, a zargi kondansata, wato ƴar na'urar da ke hana bakin filatin tartsatsi, kafin bobin, wato naɗin wayar da ke ƙara ƙarfin wutar buji. Kada a tayar da shi ba batir, domin batirin ne ke shanye rarar wuta, in babu shi ƙwayayen fitila za su ƙone ɗaya bayan ɗaya.

Masu Mobylette su riƙe huɗu. Notin bolan ɗinta zaren hagu ne, wanda ya juya shi yadda ya saba ƙara ɗaure shi yake yi har ya karye. Robobin da ke toshe gefen kurangshaf, wato sandar da fistan ke juyawa, suna bushewa, iska ta shiga, inji ya yi ta gudu shi kaɗai ya yi zafi, don haka a canza su ko da sun yi kama da masu lafiya. Gaurin mai kuma kashi 4 cikin ɗari, wato mililita 40 a lita, da man da aka yi don irin wannan inji, ba ragowar baƙin man mota ba. Salansa ma a ƙone toka da ta toshe ta.

Birki da taya ba wurin tsimi ba ne. Fatar tsohon birki takan ɓalle daga ƙarfenta ta kulle taya ana cikin tafiya, kuma ƙurarta ba a hura ta da baki, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Tayar da aka yi daga shekarar 2000 tana da lamba huɗu a gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Kaca da haƙoranta gaba da baya a canza su tare, a bar mata sassauci kamar santimita biyu.

In ya tashi, kilomita 500 na farko kada a wuce gudun 50, kada a ɗauki goyo, kada a nufi Mirriya da tsakar rana don gwaji. A juye mai, a sake duba supap. Daga nan ne za a kwance tanki da murafai a kai wa mai fenti, tare da hoton launin asali. Tsofaffin kayan da aka cire, karbirato da bobin da tambarin tanki, a zuba su a kwali a ajiye, domin sau da yawa na asalin da aka wanke ya fi sabon kasuwa daɗewa.

Na gode da wannan fili.

Wani makaniken babura,
Zango, Damagaram