Gwangwanayen Umma sun koma cikin waya

Birmingham, Ingila

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Auta, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya kamar yadda nake nan lafiya. Ya jikin Umma, ya gwiwar tata da wannan hunturun? Na ga hoton da kika turo ranar Juma'a, hazo ya lulluɓe Tudun Wada har ba a hango ƙarshen layinmu. Ki riƙa ɗuma mata ruwan alwala, kada ki biye mata in ta ce ba komai. Mu ma nan sanyi ya kankama. Ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa da kusa, mutum bai gama naɗe sallaya ba lokacin wata ya shiga.

Na zaɓi in rubuta miki ne maimakon saƙon murya, domin maganarmu ta makon jiya ta tsaya mini a rai. Na tambaye ki yadda aka yi kuɗin maganin Umma bai kai ƙarshen wata ba, kika yi shiru, can kika ce in ban yarda da ke ba in fito fili in faɗa. Daren nan jikina ne kawai a wurin aiki, hankalina yana Kaduna. Allah ne shaidata, ban taɓa kawo wa raina cewa kin ci ko sisi ba. Na san abin da ya faru, domin ni ma ya same ni a nan, kuma labarinsa nake so in ba ki.

Shekarata ta farko a ƙasar nan, albashi ya shiga ƙarshen wata, kafin ashirin ga wata mai bi masa asusu ya bushe. Ban sayi gwal ba, ban ɗinka leshi ba. Manyan ɗawainiyoyin kuwa na san su sarai. Haya a nan wata-wata ake biya, ba shekara-shekara kamar gida ba. Akwai harajin ƙaramar hukuma da ke kan kowane gida, wanda aka saba raba biyansa wata goma, daga Afrilu zuwa Janairu. Ga gas na ɗumama ɗaki da ke tashi da zarar sanyi ya shigo. Harajin gwamnati ma tun kafin albashin ya iso hannu an zare shi. Sai in lissafa duk wannan a ka, in cire abin da nake turo muku, in ga ya kamata a ce da saura. Amma babu. Da a lokacin wani ya tsare ni ya ce ina kuɗin suka shiga, irin shirun da kika yi zan yi.

Wata 'yar Zariya da muke aiki tare ce ta nuna mini manhajar kasafin kuɗi a wayarta, muna hutun ƙarfe uku na dare. Izini ake ba manhajar ta riƙa ganin shige da ficen asusun banki. Gani kawai take yi, ba ta da ikon taɓa ko kwabo, kuma tun 2018 aka wajabta wa manyan bankunan ƙasar nan su buɗe wannan ƙofa ga duk wanda mai asusu ya amince masa. Da yake a nan ko burodi ɗaya ne da kati ake biya, duk abin da na saya sai ya faɗa cikinta da sunan shagon da ranar. Ita kuma ta dubi sunan ta jefa shi rukunin da ta ga ya dace, abinci ne, sufuri ne, haya ce ko wuta. In ta yi kuskure aka gyara mata sau ɗaya, ta riƙe ke nan. Mai naman halal da nake saye wurinsa a unguwar Alum Rock, da fari cikin gidajen cin abinci ta saka shi, na mayar da shi cefane, ba ta ƙara ba.

Da wata ya cika ta zana mini da'ira kamar faifai, an yanka shi gida-gida, kowane yanki da launinsa. Ina zaune a teburin kicin, ko kayan aiki ban cire ba, shayina ya huce ina kallon wani yanki mai ruwan lemo da ban san da zamansa ba. Na taɓa shi ya buɗe. Tasi ce da nake hawa da safe in na tashi aikin dare na kasa jiran bas, sau goma sha ɗaya a wata guda. Ga shayi da biskit na injin wurin aiki, fam biyu yau, fam uku gobe. Ga wata rajistar kallon fina-finai da na yi don gwaji na mance da ita, wata bakwai ana cira. Sannan kuɗin da nake turowa gida guntu-guntu duk lokacin da aka kira ni, kowane turi da cajinsa. Da na haɗa su, sun haura kuɗin maganin Umma na wata. Hausawa suka ce da yayyafi kogi kan cika, to haka ma da ɗigo-ɗigo randa kan ƙare, mai ita tana rantsuwa ba ta ɗiba ba.

Sai dai waɗanda suka ƙera manhajar ba su san irin rayuwarmu ba. Duk abin da na turo Kaduna, dunƙule shi take yi ta ajiye ƙarƙashin wani rukuni wai shi sauran abubuwa. Wannan ya sosa mini rai ƙwarai, a ce Umma, wadda dominta na baro gida, ita ce cikin sauran abubuwa. Na zauna na goge rukunansu na rubuta nawa da Hausa. Maganin Umma shi ne a sama. Sai cefanen gida, kuɗin makarantar yaran Yaya Babba, adashi, zakka, da Sallah, wadda nake jefa mata wani abu kowane wata don kada rago da ɗinki su zo mini a lokaci guda. Na buɗe guda na sa masa suna zumunci: gudummawar biki, barkar suna, gaisuwar rasuwa, dubiyar mara lafiya. Da can in an yi haihuwa uku a dangi cikin wata ɗaya sai lissafina ya rushe, kamar abin ya zo ba zato. Alhali wace shekara ce ta taɓa wucewa ba a yi biki ko suna a danginmu ba? Yanzu yana da wurinsa, ina bayarwa da sakin fuska.

Ina cikin rubuta sunayen nan ne na tuna gwangwanayen Umma. Ke kina ƙarama lokacin, wataƙila ba ki riƙe ba. Sa'ad da masaƙun Kakuri suka fara rufewa a farkon shekarun 2000, Baba, Allah ya jiƙansa, ya dawo gida da zama, Umma tana da gwangwanayen madara guda biyar a bayan jeren kwanukanta. Ɗaya na niƙa, ɗaya na itace da kananzir, ɗaya na kuɗin Laraba na makarantar allo, ɗaya na adashi. Na biyar ɗin ta ɗaure bakinsa da tsumma, ba a buɗe shi sai wani ya kwanta ciwo. Na taɓa ganin ranar da ba mu da kuɗin kayan miya, ta ɗauko shi ta girgiza, ta mayar da shi ba ta kwance ba, muka sha miyar kuka ba nama. Ba ta yi boko ba, amma abin da wayar nan take yi mini ke nan, ba ƙari.

To ga abin da nake so mu yi, in kin yarda. Ba na ce ki haɗa wata manhaja da asusunki ba, domin a Kaduna ba za ta gane komai ba. Rabin sayayyarku da tsabar kuɗi ne, rabi kuma turi ne zuwa sunan mutum, ita kuma ba ta san cewa mai wannan sunan shi ne mai kayan miya na Kasuwar Barci ba. Na buɗe mana shafin lissafi na intanet a manhajar Google Sheets, ni da ke kaɗai ke ganinsa, da gurbi huɗu kacal: rana, abin da aka saya, nawa, da gwangwanin, wato rukunin, da kuɗin ya fito daga ciki. In babu data ko babu wuta, ki rubuta a littafi mai ganye arba'in, ki ɗauki hotonsa ranar Juma'a ki turo, ni zan shigar. Minti biyar bayan isha'i ya isa. Abin da na fi so ki kula da shi su ne ƙananan nan da ba a ɗaukar su kuɗi: cajin mai POS duk lokacin da kika cire, naira 50 da ake zarewa a turin da ya kai dubu goma, kurar ruwa, Keke Napep zuwa asibiti da dawowa, katin waya, ɗari biyun da yaran maƙwabta ke karɓa in an aike su. Zuciyata tana ba ni cewa nan ne kuɗin maganin ya zurare.

Kuma na san lissafin da nake turo kuɗi a kansa ya tsufa. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, komai ya bi ta. A 2024 fam ɗaya ya wuce naira 2,000, mutanen gida suka riƙa ninka albashina a ka suna ganin na yi arziki, ni kuma ina ganin yawan nairar da ke sauka a asusunki ina zaton ta wadatar. Dukanmu ba mu duba farashin mudu ba. Ke ce kike tsayawa gaban mai awo, ni rabona da kasuwar Kawo shekara uku. In na ga a rubuce nawa mudun shinkafa yake, nawa kilon gas, nawa katin mita yake ɗaukar ku, zan san ko ni ce ya kamata in ƙara, maimakon in riƙa yi miki tambayar da ke ɓata miki rai.

Wani amfanin sai mun yi shekara muna rubutawa zai fito. Za mu san buhun masara nawa gidan ke ci daga kaka zuwa kaka, sai mu saya a Nuwamba ko Disamba lokacin da ta sauko, ko da aika wani Saminaka za a yi, maimakon awon mudu-mudu a tsakiyar damina da take tsada. Haka tumatir da tattasai, a saya da rani suna araha a yanka a shanya, kamar yadda Umma ke yin kauɗa da can. Suratul Baƙara ma, ayarta ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo, umarni ne da a rubuta bashi tsakanin musulmi, kuma ba don ana zargin juna ba. Bashin mai shago na bakin layi ma ki sa shi a shafin.

Abu biyu ne ba na so su shiga lissafin nan ko kaɗan. Kuɗin hannun Umma nata ne, ta sayi goro, ta ba jikoki, ta yi sadakar Juma'a, kada ki tambaye ta kuma kada ta ji cewa ana ƙirga mata loma. Na biyu naki ne. Na buɗe gwangwani da sunanki a wayata, kowane wata zan turo shi daban da na gida. Ke ce kike kwana da ita, ke ce kike bin layin asibiti tun asuba, ke ce kika ajiye neman aikinki a Abuja saboda ita. Abin da kika yi da shi ba ruwana, ba na son ganinsa a kowane shafi.

Jiya na turo na wannan watan a dunƙule, sau ɗaya. Ki fara zuwa kemis ki sayi maganin hawan jinin na wata guda cif kafin a taɓa sauran, ki ajiye rasit ɗin cikin littafin. Ki tambayi Umma ko gwangwanin nan mai tsumma yana nan, in yana nan ki ɗauko mini hotonsa.

Ki gaishe ta da kyau, ki ce ina neman addu'arta. Ki gaida Yaya Babba da iyalinsa, da Gwaggo in ta shigo daga Rigasa, da mutanen layi baki ɗaya. Zan kira ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku, ba ni da aiki ranar.

Wassalam,
Yayarki