A daina kafe wa ɗaliban jami'a kujeru da ƙusa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan irin ɗakunan karatun da ake gina wa jami'o'inmu, domin na daɗe ina koyarwa a cikinsu kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A watan Disamban 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhajar karatun jami'o'i mai suna CCMAS, wadda ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta, da nufin ɗalibi ya fita da ƙwarewar da zai yi aiki da ita. Amma ɗakin da nake shiga duk mako benci ne jere bisa matakala, an kafe su a siminti, duk suna fuskantar allo guda. Idan na ce ɗalibai su rabu rukuni-rukuni su warware matsala, ba mai iya juyawa ya dubi ɗan'uwansa. Na baya ba sa jin muryata idan aka ɗauke wuta, wasu kuma suna tsaye a bakin taga. A irin wannan ɗaki dole malami ya koma shifta, ɗalibi ya koma hadda.

Ba sabon abu nake nema ba. A Jami'ar Jihar North Carolina ta Amurka, Farfesa Robert Beichner ya tsara aji mai teburori masu da'ira, kowanne na ɗaukar ɗalibai 9 a rukuni uku, alluna kewaye da bango, malami yana zagayawa a tsakaninsu. Jami'ar MIT, ita ma a Amurka, ta ɗauki irin wannan tsari wajen koyar da fiziks. Mu ma mun san shi a karatun zaure, inda almajiri ke biya nasa littafin a gaban malam, sauran suna ji, a yi masa gyara nan take.

Na san za a ce yawan ɗalibai ne ya tilasta manyan ɗakuna, kuma rahoton kwamitin Farfesa Mahmood Yakubu na 2012 kan buƙatun jami'o'in gwamnati ya tabbatar da cunkoson. Duk da haka ina kira ga TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, da hukumomin jami'o'i da su sa sharaɗi cewa duk sabon gini ya ƙunshi azuzuwa masu shimfiɗaɗɗen daɓe, da teburorin da ake iya matsarwa, da soket, da wutar sola. A kuma keɓe wuri a laburare inda aka yarda ɗalibai su yi muhawara da murya, musamman ɗalibai mata waɗanda ba sa iya fita karatun dare. Kafin a amince da zanen gini, a zauna da malamai da wakilan ɗaliban da za su yi amfani da shi.

Na gode.

Daga wani malamin jami'a