Kuɗin yara su bi yara inda suke kwana

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni tela ce a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Shekara 4 ke nan da mutuwar aurena, kuma yaran nan uku suna hannuna tun ranar da na kwashe kayana na komo gidanmu. Uban su ma'aikacin wani kamfani ne, yana karɓar kuɗin yara da ake ba masu albashi, wanda muke ce ma alokasiyo. Tun da muka rabu ko dala ɗaya daga ciki ba ta shigo gidan nan ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne watan Oktoba. Ana komawa lakkol sai in ji ƙarar babur a ƙofar gida, ƙanen uban yaran ne, ya zo karɓar takardun da ake fitar da kuɗin da su. Zai gaishe da Inna har ƙasa, sannan ya ce, "Yaya, an ce ki ba da takardar shaidar lakkol ta yara da ta haihuwa." Ni na je wajen darakta na karɓo su, ni na sayi kaye da biro, ni na ɗinka masu kaya da dare bayan na gama na mutane. In zuba takardun cikin leda in miƙa, ya soke su cikin riga ya tafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Bara da damina masasara ta kwantar da babbar. Ta wuce shekara 5, ta fita daga cikin yaran da gwamnati ta yafe ma kuɗin likita tun 2006, don haka jika 14 na kashe tsakanin gwaji da magani da ƙarin ruwa. Na aika ma uban su saƙo, ya ce wata bai mutu ba.

Na san kuɗin ba su da yawa, ba za su cika buhun hatsi ba. Amma da sunan yaran nan ake fitar da su. Kuma ciyarwa da tufatarwa tun asali a wuyan uba suke, aya ta 233 a Suratul Baƙara ta faɗa ƙarara. Malamanmu na Malikiyya sun ce riƙon namiji na uwa ne har ya balaga, mace har ta tare ɗakinta, ko da yake a nan an saba da cewa yaro ya kai shekara 7 uba ya ɗauka. Tunda Nijar ba ta da dokar iyali guda rubutacciya, kowa sai ya jawo al'adar da ta yi masa daɗi.

Roƙona ga hukuma: ranar da za a rubuta takardar saki, ko a fada ko gaban alƙali, a rubuta har da wanda yara za su zauna wajensa, a biya shi kuɗin hannu da hannu. In wajen uba suke, ya karɓa, halal ɗinsa ne. In wajen kaka suke a ƙauye, a kai mata.

Inna kullum cewa take in yi haƙuri, kada a ce na kai uban ƴaƴana ƙara, kuma ina jin nauyin maganarta. Amma bana in babur ɗin ya tsaya, zan ce ma yaron ya koma ya gaya wa wansa ya zo da kansa, mu zauna gaban Kawu, kafin takarda ta fita daga ɗakina.

Wata uwa,
unguwar Zariya, Maraɗi