Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya ƙera na'urar ɗaukar sautin jitata

Ranka ya daɗe Manajan Sashen Kula da Abokan Ciniki,

Bayan gaisuwa, na fito fili da wannan ƙorafi ne saboda saƙonnin da na aiko muku ta imel ba su magance komai ba.

Na sayi ƙaramar na'urarku mai haɗa jita da kwamfuta a hannun dillalin da ku da kanku kuka amince da shi. Kiɗan bulus nake yi, wato kiɗan da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka, a ɗakina nake ɗauka, a nan kuma nake haɗa sautin. Da zarar na jona jita, sai wani ƙugi ya kwanta a ƙarƙashin kiɗan, ba ya tashi muddin akwai wuta a gidan. Na canza waya, na zare cajar kwamfuta, na gwada jita mai maganaɗisu biyu wadda aka ƙera don kashe irin wannan ƙara, ƙugin yana nan. Sai na aro na'urar wani kamfani na jona a ɗaki guda, da waya guda, sauti ya fito tas. Ke nan kariyar da ke hana ƙarar lantarki shiga cikin taku ce ba ta da kyau.

Amsar ma'aikacinku ta fi matsalar ɓata mini rai. Cewa ya yi in yanke sauti a hatz 60 (hatz shi ne ma'aunin yawan kaɗawa a daƙiƙa guda, kuma ƙugin yana bin kaɗawar wutar lantarki ne). Wannan lantarkin Amurka ne, namu na Najeriya hatz 50 ne, kuma na rubuta inda nake tun a saƙon farko. Ko da ya faɗi lambar daidai, maganin bai isa ba, domin ƙugin yana haifar da 'ya'ya a 100 da 150, alhali tsirkiya ta biyar a jita tana kusan 110, ta huɗu kuma kusan 147. Duk wanda ya yanke wurin ya yanke kaurin jitar tare da shi.

Daga baya aka ce in sa manhajar da ke rufe sauti idan ya yi ƙasa. Wanda ya ba da wannan shawara bai san bulus ba. Daɗin kiɗan nan yana cikin wutsiyar sauti, lokacin da makaɗi ya tanƙwara tsirkiya ya bar ta tana rawa har ta mutu da kanta, da kuma bambancin taɓawa a hankali da bugu da ƙarfi. Manhajar tana datse daidai wannan wutsiyar. A 1941 Alan Lomax, mai tattara waƙoƙin gargajiya, ya ɗauki sautin makaɗin bulus Muddy Waters a gidan makaɗin da ke gonar Stovall a jihar Misisipi ta Amurka, da injin yanka faifai da ya ɗauko a mota, kuma har yau ana sauraron abin da aka ɗauka. Ɗauka a gida tsohon abu ne a wannan kiɗa, bai kamata na'urar wannan zamani ta gaza a kansa ba.

Sai maganar garanti. Takardar da ke cikin kwali ba ta ware wata ƙasa ba, amma yanzu an ce in aika na'urar Turai da kuɗina, kuɗin da ya kusa kai farashinta. Kuna sayarwa a nan, kuna karɓar kuɗinmu, amma ba ku da wurin gyara ko ɗaya kusa da mu. Matasan da ke koyon jita daga Kano har Agadas da irin waɗannan ƙananan na'urori suke farawa, yawancinsu ba su da halin biyan sitidiyo.

Ina neman ku canza mini na'urar ta hannun dillalin da ya sayar mini, ko ku mayar mini da kuɗina. Ina kuma neman ku bayyana a rubuce yadda garantinku yake aiki ga wanda ya saya a Afirka ta Yamma. Rasit da sautin gwajin duka suna cikin imel ɗin da na riga na aiko.

Naku,
Wani makaɗin jita daga Kano