A Buɗe wa Ɗalibai Ɗakunan Karatu na Makarantu

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin hukumomin ilimi da iyaye kan halin da ɗakunan karatu na makarantu suke ciki, domin an mayar da wasu ma'ajiyar karyayyun kujeru, wasu kuma kullum a kulle suke don gudun ɓatan littattafai.

Aikin laburare ya wuce tara littattafan darasi. A nan ne ɗalibi yake koyon neman bayani da kansa, ya buɗe ƙamus, ya duba taswira, ya gwada abin da marubuta biyu suka faɗa kan batu guda, sannan ya ari littafin labari da harshensa ya tafi da shi gida. Ɗan talaka, wanda ba a saya masa littafi, shi ya fi cutuwa idan aka garƙame ƙofar.

Tun 1999 hukumar UNESCO, mai kula da ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da ƙudurin da ya ɗora kula da laburaren makaranta a kan ƙwararren ma'aikaci. Ina kira ga shugabannin makarantu su ware kuɗin sabbin littattafai duk shekara, su kuma sanya lokacin shiga laburare cikin jadawalin kowane aji.

Naka,
Wani malamin makaranta