Hoton da na ɓoye miki

'Yata,

Assalamu alaikum. Saƙonki na shekaranjiya sau uku na karanta shi kafin in iya ajiye wayar. Kin ce ranarki ta farko a wurin aiki wata ta yi ta yi miki bayani idonta na kan leɓenki, ko sau ɗaya ba ta haɗa ido da ke ba, kika koma gida kika rufe ƙofa. Can ƙasa kuma kika jefo tambayar da na san wata rana za ta zo: me ya sa ba ki da hoto ko ɗaya kafin ki cika wata huɗu? Amsar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na ɗauki biro.

Laifina ne. Da aka haife ki da tsagaggen leɓe da ganɗa, kunya ce ta rufe ni, na hana kowa ɗaukarki hoto. In baƙi suka shigo sai in kifa fuskarki a ƙirjina in ce barci kike. Kowa da tasa: wannan ta ce wani abu na ci, waccan ta ce wani abu na kalla ina da ciki. Duk na kwasa na ɗora wa kaina, har sai da wani likita ya zaunar da ni ya zana mini a takarda. Leɓen jariri tsakanin mako na 4 da na 7 na ciki yake haɗewa, ganɗa kuma tsakanin na 6 da na 9, lokacin da ni ko tabbatar da ina ɗauke da ke ban yi ba. Ya ce wani lokaci gado ne, sau da yawa kuma ba a gano dalili, kuma kusan jariri 1 cikin 700 a duniya haka yake zuwa. Ranar na yi barci.

Ba kya iya tsotso, nono ta hanci yake dawowa. Sai in tatsa a kwalba mai laushi, in zaunar da ke a cinyata ina matsa miki kaɗan-kaɗan, ke kuwa kina ƙwace kan kwalbar kamar bashi kike bina. Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: da aka fito da ke daga tiyata leɓen a ɗinke, kuka na yi, ba na murna kaɗai ba. Kewar tsohon murmushinki na yi, wanda ke buɗewa har ya cika fuska. Sai a lokacin na gane abin da na yi wata huɗu ina ɓoyewa.

Ina ganin daga wurina kika koyi rufe baki da tafin hannu in za ki yi dariya. Ki sauke hannun nan. Ni na koya miki, ni nake roƙon ki bari.

Batun matar nan kuwa, ido wa ka raina? Wanda kake gani kullum. Ki ba ta mako biyu. Yawancin masu kallo ba mugunta ba ce, rashin sabo ne, kuma jira suke ki nuna musu yadda za su yi da ke. Ki riga su sallama, ki kalle su cikin ido. Wanda ya tambaya da ladabi, jimla ɗaya ta ishe shi: da shi aka haife ni, an yi mini aiki ina jaririya. Sai ki wuce zuwa maganar da ta haɗa ku. Ranar da ba kya jin bayani kuma, ba bashin kowa a kanki. Mai izgili dabam ne, wannan ki kai ƙararsa gun shugabanku, kada ki haɗiye.

Akwai wani ɗan Ingila, James Partridge, da wutar mota ta ƙona masa fuska a 1970 yana ɗan shekara 18. A 1992 ya kafa ƙungiyar Changing Faces don masu irin wannan lalura, a 2009 kuma ya zauna gaban kyamara ya karanta labarai a talabijin na mako guda da fuskar tasa yadda take. Ba na ce ki zama shi ba. Abin da ya burge ni, bai tsaya jiran likita ya gama gyara ba kafin ya fita cikin mutane.

Da kina dawowa daga makaranta da kuka, “ba komai” nake ce miki. Da komai mana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ranar ta yi nauyi ki kira ni ki yi kukanki, ba zan katse ki ba. Aikin hancin da likita ya ce za a iya ƙarawa kuwa, in don numfashi ne ko don ke kike so, zan zo in yi jinyarki. In don idon waccan matar ne, ki dakata tukuna.

Ashe babanki bai ji maganata ba. Ya ɗauke ki hoto a ɓoye kina da mako shida, bai nuna mini ba sai da kika shekara goma, ni kuma na kulle a akwati. Ga shi nan cikin ambulan ɗin. Ki zaro a hankali, gefe ɗaya ya soma yagewa. Dariya kike yi a ciki.

Allah ya yi miki albarka.

Ummanki